Batirin Tarakta Ba Ya Son Zaman Banza

Idan kaka ta wuce, an gama jigilar gero da dawa zuwa rumbu, yawancin masu tarakta a ƙasar Tambuwal da Kebbe su kan kai ta gindin itace ko cikin rumfa su ajiye. Wanda ba shi da aikin fadama ba ya sake waiwayarta sai hadari ya fara haɗowa daga gabas. Watau daga Disamba zuwa ƙarshen Mayu, wata shida ke nan tana tsaye. Haka kuma ɗan kasuwa da ya jingine motarsa, da ma'aikacin da aka yi wa canjin gari ya bar tasa a gida.

To, ran da ruwan shuka ya sauka, manoma sun taru da kuɗin huɗa a hannu, direba ya murɗa makulli, sai a ji ƙas, shiru. Batir ya mutu. Kafin a ɗauke shi daga Kuchi ko Dogon Daji a kai wurin mai caji, ko a nemo sabo daga Sakkwato ko Jega, an yi kwana biyu ko uku, laima ta gudu, masu gona kuwa sun koma wurin mai shanun huɗa. Hasarar ta fi kuɗin batirin nesa ba kusa ba.

A Ingila da Amurka sanyi su ke tsoro, gama batirin da ya sauka ruwan cikinsa ya kan daskare har ya fasa akwatin. Hunturunmu bai kai nan ba. Abin da ya ke yi kurum shi ne ya sa inji ya yi nauyin tashi da asuba. Babban abokin gaba a nan shi ne zafin bazara, na Maris da Afrilu, sa'ad da awon zafi ya kan wuce 40.

Ga dalili. Irin wannan batir wani Bafaranshe ne, Gaston Planté, ya ƙago shi a 1859, har yau kuwa asalinsa bai sake ba: faifan dalma ne jiƙe cikin ruwan asid, ɗaki shida, kowane ɗaki yana ba da bol biyu da ɗan ɗoriya. Ko ba a taɓa shi ba, wutarsa tana tsiyayewa kaɗan kaɗan, kamar randa mai yoyo. Duk sa'ad da zafi ya ƙaru da awo goma, tsiyayar ta kan kusa ninkawa. Idan wutar ta sauka, sai wani farin abu kamar gishiri ya kwanta a kan dalmar. In an yi caji da wuri ya kan narke. In an bar shi wata da watanni sai ya ƙafe, ya yi tauri, sa'an nan ko an kwana ana caji batirin ba zai riƙe wuta ba. Waɗansu batiran da a ke cewa jabu ne, zama ne ya kashe su.

Saboda haka ranar da za a ajiye tarakta, a fara cika batirin tukuna. Kada a ajiye shi da yunwa. Sa'an nan a kwance wayar da ke kan alamar ɗebewa, ita ce baƙa, kafin a taɓa ja. In an fara da ja, sifana ta goga jikin ƙarfe, tartsatsi zai tashi. Motocin yanzu ma sun fi bukatar wannan, don agogo da rediyo da na'urar ɓarawo suna shan wuta ko an zare makulli. Abin da ya fi duka shi ne a ciro batirin ɗungum a kai shi ɗaki mai inuwa da iska, inda yara ba su kaiwa. Ɗakin soro ya fi na kwano. Maganar da a ke yi cewa daɓen siminti yana shanye batir ta zamanin da ce. Akwatin roba na yanzu bai kula ba.

A share bisansa sarai, domin ƙurar hunturu in ta gamu da danshin asid ta kan zama hanyar da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. Tsatsar nan fara ko shuɗiya da ke tsirowa a kan batir, ruwan kanwa yana wanke ta. Amma fa a toshe murafan da kyau, gama kanwa in ta shiga ciki ta kashe asid ɗin. In ya bushe a shafa wa kawunan ɗan giris.

Batir mai murfi, a leƙa kowane ɗaki a ga ruwa ya rufe dalma. In ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, wanda a ke sayarwa cikin kwalba. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid, don ruwa ne ke tashi, asid yana nan. Wanda aka liƙe ba shi da murfi, kada a ɓalle shi.

Saura duba. Ƙaramar mita ta awon wuta ba ta da tsada, kowane mai gyaran waya ya san ta. Cikakken batir da ya huta yana nuna bol 12.6 ko sama kaɗan. In ya sauko 12.4, a kai caji. In ya kai 12, an riga an makara, a yi hanzari. Da hunturu a duba wata wata. Da bazara, bayan kowane mako biyu.

Waɗansu su kan ta da inji minti biyar ran Jumma'a su kashe, suna tsammani sun yi wa batir alheri. Ba su yi ba. Wutar da aka ci wajen tayarwa ta fi wadda minti biyar zai mayar. In za a tayar, a yi tafiyar rabin sa'a ko fiye.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, rana tana nan kyauta. Ƙaramin faifan sola mai wat 10 ko 20 ya isa ya riƙe batir cike har damina. Sai dai lalle a sa masa ɗan akwatin nan mai tsai da caji in batir ya cika, in ba haka ba zai tafasa ruwan ya ƙone dalma. A riƙa kakkaɓe ƙurar faifan. Wurin caji kuwa kada a kunna taba ko ashana, don iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta, tana fashewa.

In Mayu ya kama, a mai da batirin mazauninsa, a ɗaura ja da farko, baƙa daga baya, a ta da tarakta a zaga gari da ita. In akwai wani ciwo, a gane shi tun ƙasa tana bushe.