Yadda Ake Raba Unguwa da Hon ɗin Jirgin Ƙasa a Amurka

A Amurka direban jirgin ƙasa ba shi da zaɓi. Dokar da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, FRA, ta kafa a 2005 ta wajabta masa danna hon daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya isa mahaɗa, wato inda titin jama'a ya ratsa layin dogo: dogo biyu, gajere ɗaya, sai kuma dogo. Ƙarar tana tsakanin desibel 96 da 110 idan an auna daga ƙafa 100. Ko ƙarfe ukun dare ne, mai jego da jaririnta sai sun farka. Sai dai dokar ta bar wa gari hanyar samun barci, kuma da lissafi ake binta.

Da farko a cire rai daga nisa. A fili, duk ninkin tazara desibel 6 kawai yake ragewa: 110 a ƙafa 100, 104 a ƙafa 200, har a ƙafa 800 da sauran 92.

Kada kuma a yi garajen hana hon kawai. An gwada a jihar Florida daga 1984, haɗurran dare a mahaɗun da abin ya shafa suka kusa ninkawa uku, har FRA ta maido da hon a 1991. Rai ya fi barci, wannan ba abin musu ba ne.

Hukumar gari ce ke neman a cire hon, ita ce kuma galibi ke biya. Sai ta ware yankin da bai gaza rabin mil ba, ta tabbatar kowace mahaɗa tana da fitilu masu walƙiya da sandunan tare hanya.

Nan ne ake zama da alƙalami. FRA ta ɗauka cewa cire hon yana ƙara haɗari da kashi 66.8 cikin ɗari. A ce gari na da mahaɗu huɗu, kowace makin haɗarinta 100. Ba hon, kowace ta koma 166.8. Aikin shi ne a maido da matsakaicin zuwa 100 ko ƙasa, wato jimilla 400.

Da me? Yawanci mai ganganci yakan karkata hannun da ba nasa ba ya kewaye sanda. Dakalin siminti a tsakiyar titi, mai tsawon ƙafa 100, yana toshe masa wannan kafa, kuma ana lissafa masa ragin kashi 80. Mahaɗar ta sauko 33.4 ke nan. A yi wa biyu haka, a bar biyu: jimilla ta haura 400 da ɗan kaɗan. Saura ƙiris, amma bai ci ba! A sauya ɗaya daga cikin dakalan da sanduna huɗu masu rufe hannu biyu na titin gaba ɗaya, waɗanda raginsu kan kai kashi 82, jimilla ta dawo 397. Yanzu ya ci, sai dai sandunan sun fi siminti tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ya kamata a fara da auna faɗin titi kafin a kira ɗan kwangila.

Sauran takardu ne. A aika wa kamfanin jirgi da hukumomin jiha sanarwar niyya, a ba su kwana 60 su yi magana. Bayan an gama gini a sake sanarwa aƙalla kwana 21 kafin ranar farawa, a kafa alluna masu gargaɗin cewa jirgi ba ya hon a nan. A kuma faɗa wa mazauna unguwa tun da wuri: direba zai danna idan ya hango mutum, mota ko ma'aikata a kan layi.

Garin da aljihunsa bai kai ba yana iya girka hon a jikin turke a bakin mahaɗar, ya fuskanci motoci. Ƙarar tana nan, aƙalla desibel 92, amma gidajen da take isa sun ragu ƙwarai.