Darasi Daga Legas: Kuɗin Gwamnati Da Karatun Addini

Wasunku sun yi ta tambayata a kan tallafin gwamnati ga makarantun Islamiyya, a karɓa ko a bari? Kafin mu shiga hukunci, ina so mu duba abin da ya faru a Legas.

Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861, amma ba su gina makarantu ba. Sun bar wa 'yan mishan wannan aiki. Zuwa 1877 gwamnati tana ba ƙungiyoyin mishan uku, wato CMS da Wesleyan da Katolika, fam 200 kowacce a shekara. Kuɗin daga baitulmalin gari yake fitowa, galibinsa kuɗin fito ne na kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa, kuma Musulmi 'yan kasuwa suna cikin masu biya. Makarantun allo kuwa ko kwabo.

Dokar ilimi ta 1882 ba ta ce kada a ba Musulmi ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗaura tallafi a kan sakamakon jarrabawar karatu da rubutu da Turanci da lissafi. To malamin allo da ke koyar da Alƙur'ani da Ahalari, ta ina zai shiga? Nan nake so ku lura sosai. Ba a kore shi da baki ba, sharaɗi ne ya kore shi.

Iyaye Musulmi suka riƙe 'ya'yansu, don tsoron kada yaro ya tafi yana Yusufu ya dawo yana Joseph. Ni ban ga laifinsu ba, tsoron yana da dalili. Amma an biya farashi: akawu da tafinta da ma'aikatan kotu kusan duk daga makarantun mishan suka fito, kuma su ne ke tsakanin Musulmi da hukuma.

Sai a 1896, zamanin Gwamna Carter, aka buɗe makarantar gwamnati ta Musulmi a Legas, da ƙoƙarin Edward Blyden, wanda shi kansa Kirista ne. Malam Idris Animashaun ya shugabance ta. Ana koyar da Larabci da addini tare da Turanci da lissafi. Aka yi irinta a Epe da Badagry. Makarantu uku kenan, ga dubban yara, kuma jadawali da sufeto duk na gwamnati ne.

Shi ya sa a 1923 wasu matasa suka kafa Ansar-ud-Deen, suka riƙa tara kuɗi a tsakaninsu suna gina makarantun boko da Musulmi ke riƙe da ragamarsu.

Don haka duk wanda ya kawo min takardar tallafi ya ce in duba, ba adadin kuɗin nake fara dubawa ba. Shafin sharuɗɗa nake buɗewa: wa zai zaɓi malamai, kuma awa nawa aka bar wa Alƙur'ani a mako? A rubutu na gaba za mu ɗauko Kano da makarantar Ɗan Hausa ta 1909, in sha Allahu.