Hawan dutse da hunturu ga wanda ba ya zamiyar ƙanƙara

Da zarar Disamba ta kama a Suwizalan, hirar abokan aiki ta koma ta dutse ke nan. Za a gayyace ka, kai kuwa ba ka taɓa ɗaura katakon zamiya ba, ba ka kuma da niyyar karya ƙafa a ƙasar mutane. Kada ka ƙi zuwa. Akwai hanyoyin da aka ware wa masu tafiya da ƙafa, injin yana bi yana daddale su. Alamarsu allo ne mai launin ruwan hoda, kuma duk faɗin ƙasar launin ɗaya ne.

Ɗauki Zermatt, garin da ke gindin dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478. Motar gida ba ta shiga garin. A Täsch ake ajiye ta a hau jirgin ƙasa. Daga Zermatt akwai wani jirgin da ke hawa Gornergrat tun 1898, har mita 3,089. Tikitinsa da tsada, ba ɓoye-ɓoye. Amma kana iya sauka a tashar Rotenboden ka gangaro Riffelberg da ƙafa, tafiyar da ko dattijo mai sanda yana yin ta.

Idan ka saba, sai ka gwada takalmin dusar ƙanƙara. Wani faffaɗan abu ne na roba mai haƙora a ƙasa, ana ɗaura shi a ƙarƙashin takalminka. Aikinsa irin na tafin raƙumi ne a kan rairayi: yana baza nauyi don kada ka nutse. Shagunan wasanni suna ba da hayarsa tare da sanduna biyu, ba sai ka saya ba. Ka ɗan buɗa ƙafa, shi ke nan ka iya. Hanyoyinsa ba a daddale su, kuma an raba su uku: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi mai wuya. Baƙo shuɗi ne nasa.

Inda mutanenmu suka fi shan wahala shi ne sutura. Mun saba idan sanyi ya yi a jibga kaya, alhali mai hawa gumi yake yi. Auduga tana riƙe gumi, da ka tsaya hutawa sai ta yi sanyi ƙalau a jikinka. Saboda haka singiletin auduga da wandon jins su zauna a gida. Ka sa rigar ciki ta ulu, ka ɗora suwaita, sannan rigar da iska ba ta ratsawa, yadda za ka iya cire ɗaya in zafi ya taso. Safar hannu, hular da ke rufe kunne da takalmi mai tudun ƙasa wajibi ne. Duk mita 1,000 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6. Rana kuma, kada baƙar fata ta ruɗe ka: farar ƙanƙara tana mayar da haskenta cikin ido har ya yi ciwo. Ka sa baƙin tabarau, ka shafa wa leɓe man kaɗe.

A gidajen abinci na kan dutse ka riƙa tambaya, don narkakken cukunsu da giya ake yawan haɗa shi, soyayyen dankalin kuma sau da yawa da naman alade. Filas ɗin ruwan ɗumi zai yi maka shayi, ya yi maka alwala.

Kada ka bar layin alamomin, komai kyan wurin da ka hango. Can ne ƙanƙara take zaftarewa, can kuma akwai wuraren da aka keɓe wa namun daji, mai shiga yana iya cin tara. Cibiyar SLF da ke Davos tana fitar da matakin haɗarin zaftarewar ƙanƙara kullum, daga 1 zuwa 5. Ka duba kafin ka fita. Wajen ƙarfe biyar duhu ya yi, don haka ka san lokacin jirgin ƙarshe tun da safe. Wayarka ta zauna a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir. Lambar masu ceto da jirgi mai saukar ungulu, wato Rega, ita ce 1414.