Darasi: Masu Talla Da Matasa Sun Sa An Sake Tsarin Birni

Jama'a, darasinmu na wannan wata ya kai mu Amurka. Yawancin biranen can domin mota aka shimfiɗa su. Gida nan, kasuwa can nesa, ko gishiri za ka saya sai ka tuƙa.

To, akwai mutanen da asalinsu Meziko ne da sauran ƙasashe masu jin Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62 a Amurka. Su ba su saba kulle kansu cikin gida ba. Suna hira a ƙofar gida, suna sayar da abinci a bakin titi. A birnin Los Anjalas irin wannan talla laifi ne a da, a ƙwace kayan mutum, a ci shi tara. Sai a 2018 Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta halatta shi, kuma ta yi daidai.

Matasan da aka haifa daga 1981 zuwa 1996 ma, da yawansu sun fi son unguwar da za su zaga da ƙafa ko keke. Tun 2010 Los Anjalas kan hana motoci bin wasu tituna a wasu ranakun Lahadi, dabarar da aka aro daga birnin Bogota na Kolombiya.

Tambaya: Wace shekara aka halatta talla a Kalifoniya?