Daga Tartsatsin Walda Zuwa Digirin Digirgir

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa riƙe sandar walda a wokshof ya riga ya yi aiki da filazma, ko da bai san sunanta ba. Ni kaina sai da na yi shekara ina ƙona ƙarfe kafin wani malaminmu ya ce, "Wannan hasken da kake rufe ido dominsa, shi ne yanayi na huɗu." Mun san daskararren abu, mun san ruwa-ruwa, mun san iska. To, idan aka ƙara wa iskar zafi har ilektiron suka fizge daga jikin atom, sai ta koma filazma: tana ɗaukar lantarki, maganaɗisu kuma yana juya ta. Walƙiya filazma ce, rana ma haka.

Me ya sa ake yin digirin digirgir a kanta? Saboda wuta. A tsakiyar rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, ƙwayoyin haidirojin suna haɗewa su zama hiliyom, su saki makamashi. Masana na son yin haka a doron ƙasa. Matsalar ita ce ba mu da matsi irin na rana, don haka sai zafin ya haura miliyan 100. Ka ga babu tukunyar da za ta jure. Dabarar ita ce a rataye filazmar cikin kejin maganaɗisu, kada ta taɓa bango.

A garin Greifswald da ke arewacin Jamus, cibiyar Max Planck ta binciken filazma tana da na'ura mai suna Wendelstein 7-X. Ta fara aiki a Disambar 2015, tana da manyan naɗin waya murɗaɗɗu guda 50 da ake sanyayawa zuwa kusan digiri 270 ƙasa da sifili. A Fabrairun 2023 ta riƙe filazma na tsawon minti 8. Ɗaliban digirin digirgir suna bincikensu a jikin na'urar, amma jami'a ce ke ba da digirin, kamar Jami'ar Greifswald. Kuma kwantiragi ake ba su da albashi, aikin ma da Turanci ake yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba masu lissafi kaɗai ake nema ba. Ana buƙatar wanda zai auna zafi da leza, da mai rubuta manhajar kwamfuta, da wanda zai nazarci yadda bangon na'ura ke cinyewa.

Yanzu ga gaskiya mai ɗaci. Babbar difloma kaɗai ba ta kai mutum can, digiri na biyu suke so, a fizis ko injiniyanci. Ke nan bayan bautar ƙasa sai PGD, sai digiri na biyu, sannan a nema. Shekaru ne, ba wasa ba.

Shawarata: kada ka yi wa darasin lantarki da maganaɗisu karatun cin jarrabawa. Ka riƙe kalkulas da kyau, ka fara koyon Python ko da a kwamfutar aro ce, ka kuma yi furojet ɗinka da hannunka, kada ka saya. Ranar intabiyu, a kansa za a titsiye ka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.