Darasin Rafin Plaster: Ɗaliban da Suka Riƙe Amanar Ruwa

Darasin allonmu na wannan mako daga Amurka ya fito, daga birnin Grand Rapids na jihar Mishigan. A can akwai wata makarantar Kirista da a da ake kira Kwalejin Calvin, wadda aka kafa a 1876, ta kuma zama jami'a a 2019.

Matsalar

Wani rafi mai suna Plaster ya ratsa birnin kafin ya faɗa babban kogin Grand, kuma wani sashe na harabar kwalejin a cikinsa yake zubar da ruwan samansa. A da rafin cike yake da kifi. Da gari ya bunƙasa, sai kwalta da siminti da rufin gidaje suka rufe ƙasa. Ruwan sama ya rasa inda zai nutse, sai ya riƙa kwarara da ƙarfi, yana kwasar baƙin mai da takin zamani da kashin dabbobi zuwa rafin, yana kuma zaizaye gaɓarsa. Ƙwayoyin cuta suka yi yawa har shiga ruwan ya zama haɗari ga yara.

Abin da suka yi

A 2009 ma'aikatan kwalejin biyu, David Warners, malamin ilimin halittu, da Gail Heffner, suka jagoranci kafa ƙungiyar masu kula da rafin. Aikinta uku ne: bincike, wayar da kai, da gyara.

Ɗalibai kan ɗebo ruwan rafin su auna ƙazantarsa. Sukan tattaro irin tsirrai 'yan asalin yankin su rene su a makaranta. Daga nan sai su haƙa ƙananan lambuna masu ɗan zurfi a bakin titunan unguwanni, a yanke gefen titi domin ruwan sama ya gangara ciki. Saiwoyin tsirran dogaye ne, don haka ruwan yakan tsaya, ya nutse a hankali, ƙasa ta tace shi kafin ya isa rafi. A hutun bazara har 'yan sakandare ake ɗauka a koya musu aikin.

Dalilinsu

A fahimtarsu ta addini, duniya ta Allah ce, mutum kuwa mai riƙon amana ne da za a tambaye shi yadda ya riƙe. Sun kuma lura cewa dattin da aka zubar a sama, mutanen ƙasan rafi ne ke shan wahalarsa, kuma da yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. Ke nan tsabtace ruwa wani ɓangare ne na ƙaunar maƙwabci. Har yau rafin bai gama warkewa ba, domin ɓarnar shekara ɗari ba ta gyaruwa a damina ɗaya. Amma ba su daina ba.

Mu fa?

Ledar ruwan da ka jefar a bakin aji ba ta ɓace ba. Kwata za ta shiga ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya hana wani zuwa makaranta. Kafin ruwan farko ya sauka, kowane aji zai iya yashe kwatar da ke kusa da shi, ya shuka bishiya ɗaya, ya tsara masu ba ta ruwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwalta da siminti ke ƙara ambaliya?
2. Yaya lambun bakin titi ke tace ruwa?
3. Idan aka yi ruwa, ina ruwan harabarmu yake zuwa, kuma su wa ke zaune a can?

A miƙa amsa ga Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin Juma'a. Za mu liƙa mafi kyau a wannan allo.