Kafin Ka Sayi Farfelar Injin Jirgi: Shawarwari Bakwai

Daga tafkin Romo a ƙasar Tambuwal har zuwa gaɓar Gulbin Zamfara ta wajen Kebbe, duk masuncin da ya tara kuɗi ya ɗaura wa jirginsa inji ya san ɗacin kuɗin fetur. Sau da yawa injin ake zagi, alhali laifin yana can ƙarƙashin ruwa, wurin farfela. Na ɓarar da kuɗi a kan wannan ba sau ɗaya ba, don haka ga abin da na tsinta.

1. Karanta lambar da ke jikin tsohuwar.
Kankare ta da kyau, za ka ga lambobi biyu, misali 9¼ x 10 a injin Yamaha mai doki 15, ko 11⅛ x 13 a mai doki 40. Ta farko faɗin farfelar ce da inci, ta biyu kuwa takunta ne, wato nisan da take son tura jirgi a juyi guda. Rubuta su a takarda ka sa a aljihu, kada mai shago ya ce maka "ai duk ɗaya ne".

2. Kayanka za ka duba, ba gudun maƙwabci ba.
Nan ne yawancinmu muke tafka kuskure. Jirgin da ke ɗaukar jiƙaƙƙen taru, da mutum huɗu, da kwandunan tarwaɗa da karfasa, wani lokaci har da buhunan shinkafa ranar kasuwa, farfela mai gajeren taku yake so, kamar yadda direban babbar mota ke sa giya ta ɗaya idan zai hau tudu. Mai dogon taku ta jirgi maras kaya ce. In ka ɗaura wa naka ita, inji zai yi ta nishi, fulogi ya yi baƙi, fetur ya tafi a banza, kai kuma kana nan kamar mai tuƙi da gora.

3. Gwada ta da cikakken lodi, ka kasa kunne.
Irin waɗannan injuna masu shan fetur gauraye da baƙin mai an ƙera su ne su yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan an murɗa su har ƙarshe. Ba kowa ke da agogon awo ba, amma kunne ya ishe ka: in muryar injin ta yi kauri ta kasa tashi, taku ya yi yawa, in kuma yana tsala ihu jirgi bai gudu, ya yi kaɗan. Ragin inci ɗaya kan ƙara juyi kamar 150 zuwa 200, saboda haka inci ɗaya-ɗaya za ka riƙa canzawa, ban da tsalle.

4. Ƙirga haƙoran cikinta.
Ramin tsakiyar farfela yana da haƙora da ke kama sandar inji, kuma ba su zo ɗaya ba: a Yamaha, mai doki 15 takwas gare ta, mai doki 25 goma, mai doki 40 goma sha uku. In za ka Jega, ko Sakkwato, ko Yawuri inda harkar injin jirgi ta fi ƙarfi, tafi da tsohuwar a leda a gwada a gabanka. Kuɗin motar komawa canji ya isa cefanen kwana biyu.

5. Ruwanmu na alminiyam ne.
Farfelar farin ƙarfe maras tsatsa tana da kyan gani, tana kuma daɗewa, amma a ruwa mai zurfi. Gulbinmu da rani ja da baya yake yi, yashi ya fito, kututture ya laɓe. In ta alminiyam ta daki wani abu, kunnenta ne zai lanƙwashe, ita kuwa mai taurin sai ta miƙa dukan ga giya. Gara a yi asarar kunne da a buɗe cikin inji, kuma kunne uku ya wadatar, ba sai ka biya kuɗin mai huɗu ba.

6. Cire ta duk mako ka duba bayanta.
Zaren taru da igiyar ƙugiya kan naɗe a sandar, su cinye robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga; in ka ga man ya koma fari kamar nono, to aikin gama ya gama. Fara cire hular fulogi, ka tokare farfelar da guntun katako, ka kwance noti, ka warware zaren, ka shafa giris. Idan kuwa inji na ihu jirgi na tsaye, ja layi da ƙusa daga tsakiyarta zuwa jikinta ka ɗan zaga: in layin ya goce, robar cikinta ta saki, sai sabuwa.

7. Ajiye ta biyu a cikin jirgi.
Ko tsohuwar da maƙeri ya miƙe ta isa ta kawo ka gaɓa, amma kada ka mai da ita ta kullum, don wadda kunnuwanta ba su daidaita ba karkarwa take sa inji har ta ci masa boris. Haɗa ta da noti, da ƙusar da ke kulle notin, da sifana, ka ɗaure a tsumma. In da hali, bambanta takunsu: gajere don damina, lokacin da gulbi ya kawo ana hawan ruwa da kaya, mai ɗan tsawo don ranar da jirgi ba nauyi.

Yaron da ke riƙe maka inji ma ka zaunar da shi ka nuna masa yadda ake canza ta tun kuna kan tudu, ba sai magariba ta riske shi a tsakiyar ruwa ba.